Hayaƙin salansa da ƙananan matsalolin waya: Abin dubawa kafin a sauke maka inji

Wata ranar Talata cikin hunturun bara, ina tsaye a danja a kan titin Zariya da ke Kano, sai wani mai adaidaita sahu ya matso ya ƙwanƙwasa min gilashi. Bai ce uffan ba, da yatsa kawai ya nuna min bayan motata. Ko da na leƙa madubi sai na ga baƙin hayaƙi yana tuttuɗowa daga salansa kamar an tayar da tsohon janareta.

Wata huɗu ke nan da na sayi motar. Ba sabuwar shigowa ba ce, sai da ta bi ta hannun mutum biyu a nan gida kafin ta zo hannuna. Na dai lura tana shan mai fiye da ƙima, amma sai na ɗora laifin a kan cunkoson gari.

Bakaniken da na fara kai wa bai ɓata lokaci ba. Ya taka totur sau biyu, ya zagaya baya ya dubi hayaƙin, ya ce min ringi ya mutu, sai an sauke inji. Kuɗin da ya lissafa min ya kusa kuɗin hayar gidana na rabin shekara. Ba ni da su, kuma rashin kuɗin ne ya cece ni, domin kamar yadda na gano daga baya, lafiyar ringin motata ƙalau.

Wannan labari ba nawa ba ne ni kaɗai. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa hanyar Kwatano da yawancin dillalan Arewa suka dogara da ita. Sai kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi a makonnin da suka biyo baya, farashin Beljiyam ya gagari mai matsakaicin ƙarfi. Yau malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci idan zai sayi mota, mafi yawa tsohuwa zai saya wadda ta sha wuya a hannun wasu, ta haura shekara 15 da ƙerawa. Irin wannan mota ba ta rasa hayaƙi ko ɗan ciwon waya. Abin da ke raba wanda zai kashe dubu biyar da wanda zai kashe ɗaruruwan dubbai shi ne a gano ciwon kafin a sayi magani.

Farin hayaƙi: na sanyi da na gasket

Da safiyar hunturu kusan kowace mota tana fitar da ɗan farin tururi idan aka tayar da ita. Wannan ba ciwo ba ne. Idan fetur ya ƙone, ruwa na daga cikin abin da yake haifarwa, kuma raɓa na kwana a cikin bututun salansa. Tururin siriri ne, yana bajewa nan take, idan inji ya ɗauki zafi cikin 'yan mintuna sai ya ɗauke. Har ɗigon ruwa za ka iya gani a bakin salansa. Kada wani ya karɓi kuɗinka a kan wannan.

Wanda ake tsoro shi ne fari mai kauri da ba ya tsayawa ko da ka yi tafiyar rabin awa. Wannan na nufin ruwan lagireto ya sami hanyar shiga inda mai ke ƙonewa. Mafi yawa gasket ɗin da ke tsakanin top da gangar inji ne ya ƙone, wani lokacin kuma top ɗin ne ya lanƙwashe ko ya tsage. Kusan kullum akwai tarihin obahitin a bayansa, ko da mai motar ya rantse bai taɓa gani ba.

Littattafan gyaran mota na Turai da Amurka suna cewa irin wannan hayaƙi yana da ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Gaskiya ne, amma ga wanda ke zuba kulant, wato ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan. Mu da yawancinmu ruwan famfo ko na leda muke ɗura wa lagireto, ba za mu ji wani ƙanshi ba. Sai dai mu nemi wasu alamun.

Na farko, ruwa yana raguwa kullum alhali babu inda yake ɗiga a ƙasa. Na biyu, idan ka zaro sandar auna baƙin mai ko ka buɗe murfin da ake zuba shi, ka ga ya koma kamar shayi mai madara. A nan ma a yi hattara: motar da ba ta yin doguwar tafiya, daga gida sai makarantar yara, tana iya tara ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin saboda raɓa kawai. Wanda ke jikin sanda ya fi zama hujja. Na uku, da safe inji na sanye, ka buɗe murfin lagireto, ka tayar da mota ka tsaya kana kallo. Idan kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa kamar ana hura ruwa da tsinke, iskar cikin silinda ce ke kutsowa.

Na ce inji na sanye, kuma da gangan na faɗa. Ruwan lagireton da ya yi zafi yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya. Mutane da yawa sun rasa fatar hannu da ta fuska a gefen titi saboda gaggawar buɗe murfi.

Idan an tabbatar gasket ne, kada a tsaya ga canza shi kawai. A kai top ɗin wurin masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe, sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, ko fanka ce ba ta tashi, ko lagireto ya toshe da tsatsa, ko famfon ruwa ya gaji. In ba haka ba, sabon gasket ma ba zai ga damina ba.

Shuɗi: lokacin fitarsa shi ne shaida

Shuɗin hayaƙi, ko mai ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa. Warinsa ma daban ne, irin na tsohon babur mai haɗa fetur da mai. A nan ne kalmar “ringi” ta fi saurin fitowa daga bakin bakanike, kuma wani lokacin yana da gaskiya. Amma baƙin mai yana da ƙofa fiye da ɗaya ta shiga silinda, kuma kuɗin toshe kowace ƙofa ba ɗaya ba ne.

Idan motar ta kwana, ka tayar da safe ta yi tari da shuɗin hayaƙi na 'yan daƙiƙu sannan ya ɗauke, zargi ya fi karkata ga ƙananan robobin da ke toshe wuyan bawul. Sun bushe saboda shekaru da zafi, mai yana tsiyaya ta gefensu cikin dare ya taru, da safe ya ƙone lokaci guda. Haka kuma idan ka daɗe a cunkoso inji na aiki a tsaye, ko ka sauko doguwar gangara ƙafarka ba ta kan totur, irin gangaren hanyar Jos ta wajen Hawan Kibo, sannan ka taka sai hayaƙin ya fito ya wuce. Ana iya canza waɗannan robobi ba tare da an taɓa fistin ba.

Idan kuwa hayaƙin na ƙaruwa ne duk lokacin da ka ba mota wuta, musamman a hawa ko da kaya, kuma ba ya ɗaukewa, to ringi ko bangon silinda ne suka cinye. Yawanci za ka ji ƙarfin motar ya ragu, filogi na yin jiƙe-jiƙe da mai, kuma idan ka buɗe murfin baƙin mai inji na aiki za ka ji iska na bugowa da ƙarfi.

Akwai ƙofa ta uku da ba a cika tunawa da ita ba. A saman inji akwai wani ɗan bawul mai tiyo, aikinsa ya zuƙe tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi wurin ƙonewa. A takardun mota PCV ake rubuta shi. Idan ya toshe ko ya maƙale a buɗe, mota na iya shan baƙin mai ta yi hayaƙi, har ta riƙa yoyo ta wasu wuraren. Girmansa bai wuce babban yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kai na tankin mai guda ba. Sai ƙofa ta huɗu, wadda ta fi ban haushi: yaron da ya yi maka sabis ya cika mai ya wuce layin sama na sanda. Motoci masu turbo kuma suna da tasu ƙofar, ta silin turbo ɗin.

To yaya za a rarrabe ba tare da an kwance inji ba? Akwai agogon auna matsin silinda, ana cire filogi a ɗaura shi a ramin, a buga kik a karanta. Idan silinda ɗaya ta yi ƙasa sosai da 'yan uwanta, sai a zuba ɗan baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, a duba bawul ko gasket. Aikin bai wuce awa guda ba. A ganina, duk bakaniken da ya ce a sauke inji bai yi wannan gwaji ba, canka kawai yake yi da kuɗinka. Iyakar gwajin ita ce ringin share mai na iya maƙalewa alhali matsi na nan daidai, don haka a haɗa shi da lura da yawan man da motar ke sha tsakanin sabis da sabis.

Wasu injinan kuma da ciwonsu aka ƙera su. Injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda muke kira “Muscle”, ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda yanayin fistin da ringinsa, har kamfanin ya tsawaita garantin gyaran wannan matsala a Amurka. Ba duk motar ce ke da ciwon ba, amma mai shirin sayen ta ya san inda zai sa ido.

Baƙi: mai ya fi iska yawa

Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Idan mai ya rinjayi iska, ba ya ƙonewa duka, ragowar ta fito a matsayin baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. Ka shafa yatsa a cikin bakin salansa idan ya huce: busasshen baƙi kamar gawayi na nuna yawan fetur, mai maiƙo da danƙo kuma na nuna baƙin mai. Da na san wannan ɗan gwaji, da tun a garejin farko na gane cewa maganar ringi ba ta hau ba. Ringi shuɗi yake bayarwa, ni kuwa baƙi nake fitarwa.

A tsofaffin motoci masu kafireto da manyan motocin dizal, abin da ake fara dubawa shi ne iyakilina. Ƙurar hunturu tana toshe ta cikin 'yan makonni, inji ya rasa numfashi. A motocin da ke aiki da nozul da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira biren bos, labarin ya ɗan bambanta. Kwamfutar ba ta ganin komai da idonta. Sensoshi ne ke gaya mata yawan iskar da ta shigo, da zafin inji, da yawan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, ita kuma ta yanke yawan man da za ta fesa. Idan ɗaya ya yi mata ƙarya, za ta yi aiki da ƙaryar bilhaƙƙi.

Abin da ya faru da motata ke nan. Bayan mako biyu ina fakewa da rashin kuɗi, wani maƙwabcina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran waya a kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: bai tayar da motar ba. Ya murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ya tsaya yana ƙirga su. Sai ya tambaye ni ko na taɓa ganin fitilar gargaɗin inji, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da direbobi ke kira “cek”, ta kama tun da na sayi motar. Na ce ko sau ɗaya, har ina alfahari. Ya yi murmushi ya ce ai nan ne matsalar. Ƙa'ida ita ce ta kama duk lokacin da aka murɗa makulli, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Tawa an cire mata ƙwai tun kafin a sayar min.

Ya jona 'yar na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan soket mai ramuka 16 yana jikin duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001. Ya bar injin ya yi aiki har fanka da tiyo suka yi ɗumi, amma na'urar na nuna wai injin na nan da sanyi kamar yanzu aka tayar da shi. Ya bi waya har zuwa sensan zafin ruwa, ya zare soket ɗinsa, sai ga shi ya yi kore shar da tsatsa.

Bayanin mai sauƙi ne. Irin wannan sensa, idan inji na sanye yana tauye wutar da ke bi ta cikinsa, idan ya yi zafi sai ya sake ta. Tsatsa ma tauye wuta take yi. Saboda haka kwamfuta ta ɗauka kullum safiya ce, tana ta ƙara mai kamar yadda ake ja wa tsohuwar mota cok. Da ya buɗe inda tamostat ke zama kuma, sai ya tarar babu shi, an kuma haɗa fanka kai-tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli.

Wannan al'ada ta cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye ta zama ruwan dare a garejinmu, daga Fanteka a Kaduna har Apo a Abuja. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Ni dai ban gamsu ba. Ana sayar da motoci da tamostat ɗinsu a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba. An tsara inji ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma injin da ba ya kaiwa nan yana ƙara shan mai, fetur na wanke man da ke jikin bangon silinda, ringin da ake tsoron mutuwarsa ya mutu da gaske. Idan mota na obahitin, akwai dalili, kuma cire tamostat rufe dalilin kawai yake yi.

Sauran masu jawo baƙin hayaƙi su ne nozul mai yoyo, sensan iska da ƙura ta lulluɓe, sensan oksijin da ya gaji, da filogi ko kwal da ba sa ba da wuta sosai. Shi ma man kansa yana iya zama mai laifi. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, motoci suka riƙa lalacewa a Legas da Abuja. Idan ciwo ya fara ne daga ranar da ka sha mai a wani sabon wuri ko a hannun 'yan bumburutu, ka faɗa wa mai gyara.

Gargaɗi ɗaya game da na'urar: lambar da take bayarwa ba sunan kayan da za a saya ba ce. P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda, P0420 na nufin matatar hayaƙin nan da ake kira “indomi” ba ta aiki yadda ya kamata, ko ma an fasa an kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Lambar unguwa kawai take nuna maka, gano gidan aikin mai gyara ne.

Ciwon waya: a fara daga mai araha

Ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod na dushewa. Kafin ka aika a sayo batir ko kik, ka buɗe bonet ka kama kan batir ka girgiza. Idan ya motsa a hannunka, ko ka ga farin gari ko kore ya taru a kansa, wataƙila ka gama gano ciwon. A kwance, a fara da ɓangaren da ke da alamar ragi, a wanke da ruwan zafi da ɗan bekin soda, a goge da burushin ƙarfe, a ɗaure tamau, a mayar da na ragin a ƙarshe. Ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa don cike giɓi ba gyara ba ne.

'Yar mitar auna wuta ba ta da tsada, kuma lambobi uku kawai mai mota ke buƙatar riƙewa. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya sauko wajen 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Lokacin buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi kuma, a ga tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na caji. Ƙasa da haka ba ta caji, ko fambel ya saki. Sama da 15 kuma dafa batir take yi. Zafin watan Maris zuwa Mayu a Arewa yana cin batir fiye da sanyi.

Akwai gwajin da na roƙi duk mai karatu kada ya bari a yi a motarsa: cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. A zamanin Fijo 504 ana yi a kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, cire shi na iya ƙona biren bos ko ita altanetar. Mita za ta ba da amsar cikin daƙiƙa goma.

Wani ciwon kuma sai ka rantse aljanu ne. Ka taka burki sigina ta kama, ka kunna fitila allurar mai ta motsa, ka danna hon rediyo ya ɗauke. Mafi yawa wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota ce ta saki ko ta yi tsatsa. A mota, gangar jikin ita ce hanyar komawar wuta zuwa batir, idan hanyar ta toshe sai wutar ta nemi wata ta cikin kayan da ba nata ba. Noti ɗaya da ɗan goge tsatsa na iya kashe maganar.

Fis kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. Launinsa ne ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ya ƙone sau ɗaya, a sa irinsa daidai. Idan ya sake ƙonewa, akwai waya da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ɓera ya yi aikinsa, musamman a motar da ake ajiyewa kusa da buhunan hatsi. Abin da wasu ke yi shi ne su sa mai ƙarfin da ya fi, ko su naɗa silin waya a gurbinsa. Daga ranar wayar motar ce ta zama fis, kuma ita idan za ta ƙone ba ta ƙonewa ita kaɗai.

Sai batirin da ke kwana da caji ya tashi babu. Idan mita ta nuna batir da altaneta lafiya, to akwai mai shan wuta cikin dare. Motar da aka kashe aka rufe, bayan kwamfutocinta sun yi barci, bai kamata ta ja fiye da wajen miliamfiya 50 ba. Mai gyara zai sa mita a tsakani ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Sau da yawa ɓarawon ba na kamfani ba ne: rediyon da aka sauya, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, ko fitilar but da ba ta mutuwa.

Ranar sayen mota

Ka ce wa dillali kana son ka tarar da motar ba a tayar da ita ba, kuma da isarka ka ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an riga ka, hayaƙin safe ya wuce. Ka dawo gobe da sassafe. Ka zaro sandar mai ka murza tsakanin yatsu, domin ana zuba mai kauri kamar zuma don a danne shuɗin hayaƙi na 'yan kwanaki. Ka murɗa makulli ka ƙirga fitilu, na inji, na batir, na baƙin mai, na burki, na jakar iska, duk su kama sannan su mutu. Ka sa wani ya bi ka a baya a babur ko mota yana kallon salansa lokacin da kake ba ta wuta da lokacin da ka ɗaga ƙafa, domin mai tuƙi shi ne na ƙarshe da ke ganin hayaƙinsa.

Ka kuma ɗaga kafet. Da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana daga Amurka daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci ake sayo su, kuma guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston a 2017. A gida ma, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta shanye motoci masu yawa, kuma mota ba ta zama a garin da ta jiƙe. Ka duba busasshen laka a ramin safaya da ƙarƙashin kujeru, tsatsa a kan notocin kujera, layin ruwa a cikin gilashin fitila, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko ya yi tabo. Warin rima, ko turaren da ya yi yawa, duk abin tambaya ne. Lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba tana ba da damar duba tarihin motar Amurka a intanet. Motar da ruwa ya ci tana iya yin wata shida lafiya, sannan soket-soket su fara yin kore ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce motar da zan ce a bar ta ko nawa aka rage.

Akwai kuma hayaƙin da ba shi da launi ko wari, iskar kabon monoksaid. Idan salansa ya huje a ƙarƙashin mota, tana iya shigowa ciki, musamman gilashi na rufe an kunna esi mota na tsaye. Ciwon kai, jiri ko barcin da ba ka san dalilinsa ba a cikin mota ba abin wasa ba ne. A sauke gilashi, a kashe inji, a fita, a kai wa mai walda.

Dattijon nan ya wanke soket ɗin sensana, ya datse wayar ya sa sabon kai, ya aiki yaronsa cikin kasuwa ya samo tamostat da ƙwan fitilar cek, ya mayar da fanka kan tsarinta, aka canza filogi huɗu da suka yi baƙi ƙirin. Duka da kuɗin hannu ban kashe kashi ɗaya cikin goma na abin da aka nema a garejin farko ba. Da ya mayar da ƙwan, fitilar ta kama ta ƙi mutuwa, na'ura ta nuna P0420. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya ƙwanƙwasa tukunyar indomi da sifana, ta amsa kamar gwangwanin da babu komai a ciki. Wannan kam ya ce sai na tara kuɗi. Har yau da fitilar a kunne nake yawo.